Ƙiba da rashin barci: ina iyakar gado, ina hannun yanayin rayuwa?

Idan hira ta gangaro kan ƙiba, maganganu biyu ake yawan ji. Mai jikin zai ce, "Mu a gidanmu haka muke, ni ko ruwa na sha sai ya zauna mini." Na gefensa kuwa, musamman in siriri ne, cewa zai yi ci ne kawai da son jiki, ranar da aka kama baki za a faɗa. Batun barci ma haka yake. Wani ya ce tun yana yaro ba ya iya runtsawa sai dare ya raba, kuma haka mahaifinsa yake, a ce masa, "Ajiye wayar nan ka gani." Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma masu bincike sun shafe kusan shekara 40 suna auna nauyin kowace. Abin da ya fito daga aikinsu shi ne, ƙarfin da gado zai yi a jikin mutum ba a yanke shi tun ranar haihuwa ba. Yanayin da mutum yake rayuwa a ciki ne ke ƙara masa ƙarfi ko ya rage, kuma barci na cikin manyan abubuwan da ke wannan aikin.

Bari mu fara bai wa mai cewa "gadonmu ne" haƙƙinsa, domin hujjarsa ta fi yadda mutane suke zato ƙarfi.

Hanyar da ta fi sauƙin raba gado da tarbiyya ita ce a duba 'ya'yan riƙo da tagwaye. A shekarar 1986 wani likita ɗan Amurka, Albert Stunkard, ya yi amfani da kundin ƙasar Denmak, inda ake ajiye bayanin kowane yaron da aka bayar riƙo. Ya bi mutum 540 da suka girma a hannun waɗanda ba su suka haife su ba. Da aka kwatanta, sai aka ga jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, ba na waɗanda suka ci tukunya ɗaya da su tun suna jarirai ba. A 1990 kuma ya duba tagwaye a Suwidin, ciki har da masu kama ɗaya da aka raba tun suna ƙanana, kowa ya tashi a gida daban. Nauyinsu a girma ya yi kusa da juna kamar na waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya. Daga nan aka ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin ƙiba tsakanin mutanen da aka auna yana komawa ga ƙwayoyin halitta, wato ƙwayoyin gado da mutum ke samu daga uwa da uba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wannan kashi 70 ɗin shi ne alƙalumman da aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba yana nufin mai kilo 100 ya gaji kilo 70 ya ci 30 da bakinsa ba. Magana ce a kan jama'a: idan mutane suna zaune cikin yanayi kusan iri ɗaya, me ya sa wani ya fi wani jiki? Manomi ya san wannan tun da daɗewa. In ka shuka gero iri biyu a gona ɗaya, bambancin zangarniya daga iri yake. In kuwa iri ɗaya ka raba, rabi a jigawa rabi a ƙasa mai taki da danshi, bambancin daga ƙasa yake, alhali irin bai sauya ba. Ma'aunin gado na ƙasar da aka yi awon ne. A sauya ƙasa, alƙalumman su sauya.

Gwajin da ya fi nuna abin a fili shi ne wanda Claude Bouchard ya yi a Jami'ar Laval da ke Kanada, aka buga a 1990. Ya tara samari tagwaye masu kama ɗaya, biyu-biyu har gida 12, ya zaunar da su wuri guda na kwana 100. Kwana shida a kowane mako ana ƙara wa kowa kalori 1,000 (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) a kan abin da jikinsa ke buƙata. Ci ɗaya, zama ɗaya. A ƙarshe wani ya ƙara kilo 4 da ɗoriya, wani ya haura kilo 13. Kuma Hassan da Husainin kowane gida sun fi kama da juna a yawan abin da suka ƙara da kuma wurin da kitsen ya taru. Don haka mai cewa shi da abokinsa kwano ɗaya suke ci amma shi kaɗai abin ke bayyana a jikinsa, ba ƙarya yake yi ba.

To ta ina ƙwayoyin halittar suke bi? Mutane da yawa suna ɗauka a ciki ko a hanji abin yake. Mafi yawan abin da aka gano ya nuna a ƙwaƙwalwa yake, wurin da ake jin yunwa da ƙoshi. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano wani sinadari da kitsen jiki ke fitarwa, aka sa masa suna leftin. Aikinsa shi ne ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa akwai ajiya, a sassauta da neman abinci. Bayan shekara uku, Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi a Kambirij ta Ingila suka ci karo da wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya iya haɗa wannan sinadari. Yarinyar tana da shekara 8 nauyinta kilo 86, yaron kuma yana da shekara 2 ya kai kilo 29. Kullum cikin kukan yunwa suke, domin a wurin ƙwaƙwalwarsu jikin babu ko ɗigon kitse. Da aka soma yi wa yarinyar allurar leftin, cin ya lafa, ta sauke kimanin kilo 16 a shekara guda.

Na tsaya a kan yaran nan ne saboda duk wanda ya gan su kafin a gano matsalar, cewa zai yi iyayensu sun sangarta su, ko kuma haɗama ce. Alhali yunwa ce ta gaske suke ji, irin wadda mutum ke ji in ya wuni bai ci ba. Irin wannan larura ba ta da yawa ko kaɗan. Wadda ta fi ta yawa ita ce tangarɗar ƙwayar MC4R, da ake samu a kusan kashi 5 cikin 100 na yaran da ƙiba mai tsanani ta kama tun suna ƙanana.

Ga sauran jama'a lissafin daban ne. Mun saba da sikila, inda ƙwaya ɗaya ce ke yanke hukunci, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. Ƙiba ta yau da kullum ba haka take ba. An gano wurare sama da 900 a cikin kundin halittar ɗan Adam da ke da hannu a nauyin jiki, kowane da ɗan turin da yake yi. Wanda ya fi shahara, FTO, an gano alaƙarsa da ƙiba a 2007. Wanda ya gaji nau'in mai turawa daga uwa da uba duka, yakan fi wanda bai gada ba nauyi da kimanin kilo 3. Kilo 3 kacal, kuma shi ne babba a cikinsu. Wani nazari da ya haɗa bayanan manya sama da 200,000 a 2011 ya nuna cewa a wurin masu motsa jiki, tasirin FTO yana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100.

A nan ne mai cewa yanayin rayuwa ne zai karɓi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 1990 zuwa 2022 ƙiba mai cutarwa a tsakanin manya ta ninka fiye da sau biyu, har ta kai mutum ɗaya cikin takwas a duniya na ɗauke da ita. Ƙwayoyin halittar ɗan Adam ba sa sauyawa a cikin shekara 30. Abinci ne ya sauya, da abin hawa, da irin aikin da ake yi, da lokacin kwanciya.

Ƙabilar Pima misali ce da ake yawan kawowa. Wani ɓangarenta yana jihar Arizona ta Amurka, wani kuma a duwatsun arewacin Meziko yana noma da hannu. Asalinsu ɗaya. Binciken da aka buga a 2006 ya samu ciwon suga a kashi 38 cikin 100 na manyan Pima na Arizona, na Meziko kuwa kusan kashi 7, kuma ƙiba ma haka ta rabu. Akwai wanda ya fi kusa da mu. A 1997 Richard Cooper na Jami'ar Loyola da abokan aikinsa suka kwatanta mutanen Najeriya da Kamaru da baƙaƙen fata na Jamaika da maƙwabtanta da na Amurka, waɗanda mafi yawan kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su. Hawan jini ya kasance kashi 16 a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka, kuma nauyin jiki yana hawa tare da shi mataki-mataki.

Yanayin ma tun a ciki yake farawa. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, aka yi yunwa mai tsanani. Da aka auna samari 300,000 'yan shekara 19 a wani bincike na 1976, sai aka ga waɗanda yunwar ta riski iyayensu mata a farkon ciki sun fi sauran yawan ƙiba. Jikin da aka gina cikin rashi yakan fito da shirin ɓoye duk abin da ya samu. Wannan ya shafe mu kai tsaye: yaron da uwarsa ta yi goyon cikinsa cikin ƙarancin abinci a ƙauye, ya girma ya dawo birni inda lemon kwalba da taliya da biredi suke a kowace kusurwa, yana cikin haɗari biyu.

Yanzu sai barci, wanda shi ma yana da nasa gadon.

A jikin kowa akwai agogo da ke zagaye cikin kusan sa'a 24, shi ke tsara lokacin jin barci da yunwa da zafin jiki. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young sun samu lambar yabo ta Nobel a 2017 saboda gano ƙwayoyin da ke juya wannan agogo, kuma a jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka yi aikin. Agogon kowa da saitinsa. A jihar Yuta ta Amurka an samu wani dangi da barci ke kwashe su wajen ƙarfe 7:30 na yamma su farka wajen 4:30 na asuba, kuma a 2001 aka gano sauyi ne a ƙwaya ɗaya mai suna PER2. A 2009 Ying-Hui Fu ta Jami'ar Kalifoniya ta bayar da rahoton wata uwa da 'yarta da barcin sa'a shida da ɗoriya ke isar su garau, saboda sauyi a ƙwayar DEC2. Masu irin wannan baiwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan masu bugun ƙirji cewa sa'a huɗu ta ishe su, sabo suka yi da gajiya har suka daina gane ta.

Ga gama-garin mutane, wani nazari na 2019 a kan mutum kusan 700,000 ya samu wurare 351 da ke da hannu a kan ko mutum mai sammako ne ko mai raba dare. Shekaru ma suna taka rawa: agogon yakan ja baya a lokacin samartaka, ya kai maƙura wajen shekara 20, daga nan ya soma dawowa. Saboda haka saurayin da ake fama da shi wajen tashi sallar asuba ba kullum ne taurin kai ba, kodayake wayar da yake dannawa har ƙarfe biyu tana ƙara tura agogon baya. Rashin barci mai naci kuwa, irin wanda mutum zai kwanta ya yi ta juyi, binciken tagwaye ya sa rabon gado a cikinsa kusan kashi 40 cikin 100. A 2019 an duba mutum miliyan 1.3 aka samu wurare 202 masu alaƙa da shi, da yawansu kuma suna da hannu a ciwon damuwa da fargaba.

Ko goro da shayi ba su kama kowa daidai ba. Sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu, hanta ce ke narkar da shi, kuma saurin aikin ya danganta da wata ƙwaya mai suna CYP1A2. A wurin yawancin mutane sai bayan kimanin sa'a biyar rabinsa ke barin jini, wasu kuma ya fi haka daɗewa. Shi ya sa dattijo zai ci goro bayan isha'i ya yi barcinsa lafiya, wani ya sha shayi mai kauri da la'asar ya kwana ido biyu.

Inda ƙiba da barci suka haɗu shi ne abin da ya fi damuna, domin shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A 2004 Karine Spiegel da Eve Van Cauter a Jami'ar Shikago suka ɗauki samari 12 masu lafiya. Wani lokaci a bar su su kwanta sa'a 10 na dare biyu, wani lokaci a tsayar da su a sa'a 4. Bayan gajeren barcin, leftin mai sanar da ƙoshi ya sauka da kashi 18, girelin kuma, sinadarin da ciki ke fitarwa don tada yunwa, ya hau da kashi 28. Samarin suka ce yunwarsu ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma abin da ransu ya fi biyawa shi ne kayan zaƙi da na gishiri da masu sitaci. A shekarar dai, binciken mutum 1,024 a jihar Wiskonsin ya samu irin wannan sauyi tsakanin masu barcin sa'a biyar da masu takwas. Wato rashin barci yana taɓa ainihin wurin da ƙwayoyin ƙiba suke aiki: jin yunwa da jin ƙoshi. Ga kuma abin da kowa ya sani ba sai an yi gwaji ba, wanda yake ido biyu ƙarfe ɗaya na dare yana da damar ci da mai barci ba shi da ita, kuma gobe gajiya ba za ta bar shi ya taka da ƙafa ba.

Nathaniel Watson na Jami'ar Washinton ya kai tambayar wurin tagwaye. A 2012 ya duba tagwaye gida 1,088, ya raba su bisa tsawon barcinsu, sannan ya sake lissafin rabon gado a nauyin jiki. A wurin masu barcin ƙasa da sa'a bakwai, gado ya ɗauki kashi 70. A wurin masu sa'a tara zuwa sama, kashi 32 kawai. Mutanen ƙasa ɗaya ne, ƙwayoyin halitta iri ɗaya, amma ƙarfin gadon ya ninka fiye da sau biyu inda barci ya yi ƙaranci. Binciken yana da rauninsa: mutanen ne da bakinsu suka faɗi nauyinsu da tsawon barcinsu, kuma kallo aka yi ba gwaji ba. Kada kuma wani ya ɗauka maganin shi ne a yi ta sharar barci. A 2017 masu bincike a Jami'ar Glasgow sun duba mutum kusan 120,000 a Birtaniya. A cikin waɗanda suka gaji haɗarin ƙiba mai yawa, masu barcin ƙasa da sa'a bakwai sun fi masu bakwai zuwa tara nauyi da kimanin kilo 2, masu wuce tara kuma da kimanin kilo 4. Waɗanda gadonsu ba na ƙiba ba ne, tsawon barcin bai yi wani tasirin kirki a nauyinsu ba.

A ganina wannan ya juya maganar "gadonmu ne" gaba ɗaya. Wanda ƙiba take a danginsu shi ne ya fi kowa buƙatar kiyaye barcinsa, domin a jikinsa ne ɓacin barcin ya fi tsada. Abokinsa siriri zai iya raba dare a majalisa shekara da shekaru bai ga komai a ma'auni ba.

Hanyar kuma ba ta tafiya ɗaya ba ce, ƙibar ma tana dawowa ta ɓata barcin. Minshari abu ne da muke mayarwa abin raha a gida da wurin kwanan tafiya, har a ce wane ya ji daɗin barci. Sau da yawa akasin haka ne. Idan kitse ya taru a wuya da gindin harshe, hanyar iska takan tsuke. Da mutum ya yi barci tsokar maƙogwaro ta saki, sai hanyar ta rufe, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita shi ya ja numfashi da ƙarfi ya koma. A wurin wanda abin ya yi wa tsanani hakan na faruwa sau 30 ko fiye a kowace sa'a, shi kuwa bai sani ba. Da safe ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi a ofis, ko a masallaci lokacin huɗuba, ko kuma, wanda ya fi muni, a kan sitiyarin mota. Larurar tana da alaƙa mai ƙarfi da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani ƙiyasi na 2019 ya ce mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya.

Wani bincike a Wiskonsin na shekarar 2000 ya nuna cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana ƙara yawan ɗaukewar numfashin da kusan kashi 32, rage nauyi kuma yana rage shi. Sai abin ya zama zagaye: ƙiba ta yanke barci, yankakken barci ya tada yunwa ya kawo kasala, ƙiba ta ƙaru. Gado yana nan ma, domin siffar haɓa da faɗin maƙogwaro ana gadonsu, shi ya sa ake samun siriri mai wannan larura. Galibi matar mutum ce ko abokin kwanansa ke fara lura cewa minsharin yakan yanke ɗif sannan ya dawo da shaƙuwa. Wanda aka gaya wa haka, musamman in yana shan maganin hawan jini bai ga sauƙi ba, ya kamata ya faɗa wa likita da bakinsa. Akwai magani: na'urar hura iska ta hanci da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya a 1981 har yau ita ce kan gaba, rage nauyi kuma yana taimakawa sosai.

Idan muka dawo gida, abubuwan da ke cinye mana barci ba duka ne suke hannun mutum ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar suna hannunsa. Jiki sai zafinsa ya ɗan sauka yake samun barci mai nauyi. Wani nazari na 2022 da ya bi barcin mutum 47,000 a ƙasashe 68 ya samu cewa dare mai zafi yana rage barci, kuma abin ya fi taɓa tsofaffi da mata da mazauna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram cikin watan Afrilu babu wuta, ba ya buƙatar a fassara masa. Ga sauro, ga ƙarar janareta, ga ma'aikatan jinya da masu gadi da direbobin dare da aikinsu ke karo da agogon jikinsu. Ga uwar da za ta kwanta ƙarshe ta tashi farko. Inda mutum yake da zaɓi shi ne waya da hirar dare da shayin yamma da cin abinci mai nauyi dab da kwanciya. Wanda yake tashi asuba, kuma haka ya kamata, lissafinsa a bayyane yake: in yana son sa'a bakwai da likitocin barci suka ce ita ce mafi ƙarancin abin da babba ke buƙata, to kwanciyar ƙarfe 12 ba za ta kai shi ba. Ƙailula tana cike wani giɓin, musamman a watan azumi da dare ke rabuwa tsakanin ibada da sahur.

Ba kuma yawan sa'o'i kaɗai ba ne. A 2015 Jerome Siegel da abokan aikinsa sun auna barcin Hadza na Tanzaniya da San na Namibiya da Tsimane na Bolibiya, mutanen da ke rayuwa babu lantarki. Barcinsu tsakanin sa'a 5.7 ne da 7.1, amma ƙiba ba ta dame su ba, rashin barci mai naci kuma da wuya a same shi. Suna wuni cikin hasken rana suna tafiya, dare ya yi musu duhu sosai, lokacin tashinsu kusan ɗaya ne kullum. Gajeren barci yana yin ɓarnarsa ne sosai idan ya haɗu da zama wuri ɗaya da abinci mai zaƙi a kusa da hannu.

Akwai wani abu da ba zan tsallake ba. A wurinmu har yanzu jiki alamar hutu ne da wadata, amarya in ta yi ɓulɓul a ce gidan ya karɓe ta, siririya kuma a dame ta da tambayar ko lafiya. Wannan matsin ne ke kai 'yan mata da matan aure ga shan maganin ƙiba, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe. Cikin abin da ake haɗawa akwai deksametazon, maganin da likitoci ke bayarwa don kumburi da asma. Shan sa na dogon lokaci yana tara kitse a fuska da ciki, ya tada suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, kuma ya hana barci. Wadda sirantaka ce gadon gidansu, ba ciwo gare ta ba. Wadda kuma ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Likita ne zai rage mata a hankali.

Shin gyara barci yana sauya wani abu a zahiri, ko dai alaƙa ce kawai a takarda? An gwada. A 2010, a Shikago dai, aka sa mutum 10 masu ƙiba a kan rage ci na mako biyu, sau ɗaya da damar barcin sa'a takwas da rabi, sau ɗaya da biyar da rabi. Nauyin da suka sauke kusan ɗaya ne, amma a lokacin gajeren barcin kitsen da suka zubar ya ragu da fiye da rabi, tsoka ce ta tafi a madadinsa. A 2022 kuma Esra Tasali ta ɗauki mutum 80 masu ƙiba da ke barcin ƙasa da sa'a shida da rabi. Rabinsu aka zauna da su sau ɗaya aka ba su shawarar yadda za su gyara kwanciyarsu, ba a ce musu komai a kan abinci ba. Barcinsu ya ƙaru da sa'a ɗaya da 'yan mintuna, cinsu kuma ya ragu da kimanin kalori 270 a rana, kwatankwacin ƙananan kwalaben lemo biyu. Mako biyu kawai aka bi su, don haka ba za a ce an samo maganin ƙiba ba. Amma ragin da mutum ya samu ba tare da kokawa da yunwa ba ya fi yiwuwar ɗorewa a kan wanda ya samu da cije haƙori.

Mai karatu zai lura cewa kusan duk binciken da aka ambata a Turai da Amurka aka yi shi. Wani lissafi na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi nazarin ƙwayoyin halittarsu Turawa ne, masu asalin Afirka kuwa kusan kashi 2, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin halitta. Illar haka ta fito fili a 2017, lokacin da tawagar Charles Rotimi, masani ɗan asalin Najeriya da ke aiki a Amurka, ta gano wani sauyi a ƙwayar SEMA4D da ke ƙara wa mai shi kusan kilo 3. Ana samun sa a kimanin mutum ɗaya cikin 100 na 'yan Afirka ta Yamma da zuriyarsu, babu shi a Turawa da mutanen Asiya, don haka duk binciken da aka yi a can ya wuce shi bai gani ba. Ma'aunin haɗarin ƙiba da aka gina da jinin Turawa ba ya faɗin gaskiya sosai a kan Bahaushe.

Kayan aikin kuwa muna da su. Afirka ta Yamma na cikin wuraren da aka fi haihuwar tagwaye a duniya, kuma tagwaye ne ginshiƙin duk wannan fanni tun daga Stunkard har Watson. Jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da asibitocin koyarwa da ɗaliban da za su iya bin Hassan da ya zauna a ƙauye yana noma da Husainin da ya koma birni yana tuƙin Keke Napep har dare, a auna barcinsu a bazara da hunturu da watan azumi, a auna nauyinsu da sugansu da jininsu.